Ɗan Benci, In Ji Kawu Ɗan'azumi

Salamu alaikum mutanena, ina fata kowa ya tashi lafiya. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku ba abin alfahari ba ne, sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ga waɗanda yanzu suka shigo, ni ce Sadiyya, haihuwar Jidda, 'yar unguwar Ammariyya, shekarata ashirin da shida. Kakan Babana ne ya zo Hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba, shi ne muka wayi gari a nan. In kun ji Larabci ya kuɓuce mini a tsakiyar magana kar ku ce iyayi ne, haka bakinmu yake.

Maganar dai ta Yazan ce, kuma gara in faro ta daga tushe.

Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani asibitin gashin ƙashi a Bagdadiyya. Nan ya fara zuwa bara, ana gasa masa kafaɗa. Dogo ne, baƙi, ba shi da wani jiki, sai dai in ka lura hannunsa na dama ya fi na hagu cika. Zuwansa na uku ina waya da Umma kan kuka da daddawar da wata 'yar umra ta kawo mana, ina ajiyewa sai na ga mutum tsaye a kaina yana murmushi kamar ya tsinci ɗan'uwansa a filin Arfa. Ya tambaye ni ko ni 'yar gida ce. Hausar tasa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Yana jinta tas, amma in zai mayar sai ta fito a kakkarye, ya cike sauran da Larabci. A nan zan riƙa miƙe masa ita saboda ku.

Sana'arsa besbol. Na san da yawanku a talabijin kawai kuka taɓa gani, ni ma haka nake kafin in san shi. A taƙaice, mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu yana jefa wata ƙaramar ƙwallo mai taurin tsiya, wani yana gabansa da sanda yana neman ya make ta. In ya make sai ya ruga, zango uku zai bi kafin ya dawo inda ya tashi, dawowar ita ce ci. Mai jifa aikinsa ya hana, in ya kori masu duka uku ya gama zagayensa. Zagaye tara ake yi. To akwai mai jifan da yake fara wasa, shi ne angon ranar, hotonsa ake mannawa a talla. Akwai kuma waɗanda ake ajiyewa a wani ɗan shinge can ƙarshen fili, ba a kiransu sai hannun na farkon ya gaji ko abubuwa sun dagule masa. Yazan cikin waɗannan yake. Ni ɗan ceto nake ce masa.

A wurin 'yan Filipin ya koya, masu wasan ranar Juma'a a wani fili bayan ma'ajiyar kayan da mahaifinsa yake ja wa babbar mota. Jifansa ba irin na kowa ba ne, ba ya ɗaga hannu sama, ta gefe yake sakin ƙwallon, ƙasa-ƙasa, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Yana ɗan shekara sha tara ya tafi Japan, wata ƙaramar ƙungiya a garin masunta, shekara uku yana sallar Idi shi kaɗai a ɗaki. Daga nan Meksiko, shekara huɗu ana yawo da su a bas daga gari zuwa gari. Sau biyu ana sallamarsa, sau biyu yana rataya jaka ya nemi wani wurin. Yanzu yana wata ƙungiya a nan Khalij, wato yankin ƙasashen Larabawan nan namu, masu wasa lokacin sanyi. A shekara goman nan bai taɓa fara wasa ba ko sau ɗaya. Kullum sharar wani yake kwashewa. A bar masa mutum biyu ko uku a kan zango suna jiran su ci, a miƙa masa ƙwallo a ce ya fitar da jama'a kunya. In ya fitar, sunan na farkon ne a labarai. In ya kasa, shi ake zagi har a mota. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya yi masa ciwo, ya ce a da yana yi. Ni dai tun daga wannan amsar na san ta ƙare mini, ina son mutumin nan, kuma ba kaɗan ba.

Da manyansa suka zo neman izini, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Babana, Alhaji Badaru, tela ne a Bab Makka, shekara arba'in yana ɗinka jallabiya a shago ɗaya, kuma ba mai yawan magana ba ne. Asali bai ba da wahala ba, ashe kakanninmu ma sun zauna maƙwabta. Limamin unguwarsu ya yi masa kyakkyawar shaida. Umma kuwa tun ranar da ya tashi da malmala uku na tuwonta ta sallama. Saura sana'a. Baba ya ce shi ba ya ba da 'ya ga wanda ba a ga yadda yake neman abincinsa ba, kuma har yau bai gane yadda jifa ya zama aikin magidanci ba.

Sai Allah ya kawo sauƙi, ko kuma haka na zata. Ƙungiyar su Yazan ta zo Jidda wasa uku a jere, Alhamis, Juma'a da Asabar, a wani fili da aka gyara musu can arewacin gari. Baba ya wakilta Kawu Ɗan'azumi ya je ya gano masa. Kawu ƙanin Umma ne, mai tsire a Bab Makka, wanda Larabawa ke layi a kansa suna cewa a ba su siriya. Mutumin kirki ne, ba ni da haufi, amma in ana maganar ƙwallon ƙafa ba ya barin kowa ya kai aya. Shi ya sa Baba ya ga duk dangi babu wanda ya fi shi sanin wasa.

Ranar Alhamis bayan La'asar aka fara. Ina wurin aiki, na jingina wayata a bayan kwamfuta ina satar kallo. Zagaye na bakwai aka cika wa mai jifan farko zango uku, babu ko mutum ɗaya da ya fita. Aka kira Yazan. Ya taho a nutse kamar an aike shi sayen burodi, ya karɓi ƙwallo, jifa sha ɗaya ya yi ya kori mutum uku, babu wanda ya ci. Na yi ƙaramin ihu har wata tsohuwa da ke jiran likita ta tambaye ni ko lafiya. Da aka tashi na biya na sayi kwalin basbusa, wani kek mai zaƙi na Larabawa, ina tafe ina tsara kalar lallen da zan yi.

Takalmin Kawu na fara gani a ƙofa, sannan fuskar Umma. Ko kallon kwalin ba ta yi ba, ta miƙo mini faranti da butar shayi ta ce in kai majalisi, falon baƙi. Na tsaya bayan labule, ƙamshin hayaƙi da ƙuli na Kawu ya cika wurin.

"Alhaji, ni abin da idona ya gani zan faɗa," in ji Kawu. "Awa biyu muna zaune, yaron nan ko ƙafarsa bai sa a fili ba. Yana can cikin wani keji shi da wasu, suna cin fisfis, 'ya'yan furen ranar nan, suna tofar da ɓawo. Ɗan benci ne. Mu da muka san ƙwallo, wanda ya iya ba a ajiye shi a benci."

Baba ya tambaye shi ko sun tsaya har ƙarshe. Kawu ya ce da aka kira Magariba suka tashi, me za su tsaya gani, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Jama'a, minti ashirin ne tsakanin fitarsu da shigar Yazan.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na dire farantin, na ciro waya na ce ga shi nan a gani. Kuskurena ke nan. Kawu ya kalle ni ya kalli Baba, ya ce to tunda yanzu waya ta fi shi gaskiya, ai da ita aka aika tun farko. Baba ko ɗaga ido bai yi ya kalli wayar ba. Ya ce in fita, kuma ba a ƙaryata ɗan aike a gaban wanda ya aike shi. Daga bayan labulen na ji ya ce ranar Lahadi zai ba manyan yaron haƙuri.

A kicin Umma ta ɗora nata. Ta ce ƙannena biyu suna ɗakunansu, ita ta gaji da amsa tambayar matan unguwa a wurin biki, ga shi da rashin kunyata na ɓata ɗan abin da ya rage. Ta ce in wannan ta fashe babu ruwanta, in zauna in tsufa a kan teburin asibiti. Tana faɗa tana goge ido da bakin mayafinta, don ita ma tana son yaron. Basbusar nan haka ta kwana a kan firji babu wanda ya buɗe.

Da safen Juma'a na goge wa Baba kayan masallaci, na turara su, na kai masa da shayi. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan jiya, na ce zan je har wurin tsire in ba Kawu nasa. Sannan na tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mini.

"Baba, ban ce Kawu ya yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Amma ya tashi ba a gama ba."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya tambaye ni saura wasa nawa, na ce na yau da na gobe.

"Gobe zan rufe shago," ya ce. "Zan zauna har a tashi. Abin da idona ya gani shi ne amsata, kuma daga nan ba za a sake tayar mini da maganar ba."

Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya rufe shago ranar Asabar ba, ko da zazzaɓi yake. Na fita da gudu na shige ɗaki na rubuta wa Yazan komai, har da kejin da fisfis ɗin. Ya turo mini fuskar dariya guda biyar, ya ce Kawu bai yi ƙarya ba, fisfis ɗin ma mai gishiri ne. Na ce ba wasa nake ba, ya je ya roƙi kocinsu ya fara da shi gobe, ko aƙalla ya yi alkawarin zai sa shi. Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta sake fitowa ta ɓace. Sai ya kira.

Ya ce gobe Wilmer ne zai fara. Na san Wilmer a bakinsa, ɗan Benezuwela ne, shekara talatin da takwas, ɗaki ɗaya suka zauna a Meksiko, shi ya riƙa tashi yana dafa masa sahur alhali shi ba Musulmi ba ne. Bara aka yi masa aiki a gwiwar hannu. Masu ƙungiyar sun zo Jidda musamman don su gan shi, in ya yi kyau su sabunta masa, in bai yi ba ya koma gida, kuma a shekarunsa babu mai sake ɗaukarsa. Koci ya riga ya ce muddin hannunsa na tafiya ba zai taɓa shi ba.

"Sadiyya, in kika gan ni a fili gobe, to Wilmer ya faɗi."

"Ni kuma fa? In ba a gan ka ba ni ce na faɗi."

"Na sani," ya ce a hankali. "Zan shirya kamar kullum. Shi kaɗai ne a hannuna."

Na kashe wayar a kunnensa. Na yi saƙon murya na minti huɗu, duk abin da ya zo bakina na faɗa, sannan na goge ban tura ba. Haushi nake ji kamar in fashe, kuma a ƙasan haushin ina jin girmansa yana ƙaruwa a raina, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Mutum ne da ko aurensa ba zai sa ya ture abokinsa ba, ni kuma aurena nake so.

Asabar bayan Azahar za a fara. Na sa abayata ruwan zaitun mai ɗinkin zare a hannu, da tarha, wato ɗan mayafin kai, ruwan madara, da takalmi mara tsini, kwalli kawai na zizara don kar Baba ya ce biki za ni. Shi kuma ya fito cikin farar jallabiyar da ya ɗinka da hannunsa, da hular kube ta Idi, darduma a kafaɗa, flas ɗin shayi a hannu. Ni na ja motar. Tun daga Ammariyya har muka hau titin Madina carbi kawai yake ja.

Yazan ya ajiye mana kujeru masu kyau a inuwa, daidai bayan mai duka. Baba ya tsaya ya ƙare wa filin kallo, ya tambaye ni ina kejin da ake faɗa. Na nuna masa can ƙarshe. Ya ce to can za mu. Haka muka ratsa 'yan Filipin da iyalansu, da wasu mutanen su Wilmer masu ganga, muka je muka zauna a kujerun rana, taku goma tsakaninmu da shingen. Yazan ya hango mu, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, ya mayar da idonsa fili. Bai sake kallon inda muke ba.

Wilmer ya hau tudu, gajere kakkaura, gemunsa da furfura. Zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, babu wanda ya iya taɓa shi. Ina ta yi wa Baba bayanin dokoki, yana cewa uhum. Daga baya na lura ba filin yake kallo ba. Yazan yana zaune da rigar sanyi a kan hannunsa na dama, da ɗan littafi a cinya, duk mai dukan da ya shigo sai ya rubuta wani abu. Fisfis ɗin ma yana nan, ba zan ɓoye muku ba.

A zagaye na biyar mutum biyu suka samu zango. Wata waya da ke rataye a jikin shingen ta yi ƙara, koci ne ke cewa a shirya. Kafin mai ɗauka ya ajiye, Yazan ya riga ya tuɓe rigar, ya fara jefa wa wani da ke tsugune. Daga nesa ba za ka san ƙarfin abin ba, amma a taku goma kowace ƙwallo in ta faɗa safar fatar da ke hannun na tsugunen sai ka ji tau har cikin haƙoranka. A nan na fara roƙon, kuma Allah ya sani da farko a zuci ne. Na ce ya Allah ka sa hannun Wilmer ya gaji, gajiya kawai, ba wani abu ba. Wilmer ya fitar da kansa. Yazan ya mayar da riga, ya tafa masa, ya zauna ya ɗauki littafinsa.

Zagaye na bakwai wayar ta sake ƙara, ya sake tashi, zufa ta jiƙa masa baya. Wannan karon leɓena ya motsa. Na ce Allah ka sa a make shi, ka sa a yi masa ci biyu, me zai ragu da shi. Bawan Allah ya sake tsallakewa. Masu ganga suka kaure. Na saci kallon Baba, yana kurɓar shayi, fuskar nan babu abin da za ka karanta.

Aka zo zagaye na tara, su Yazan suna gaba da ci ɗaya tak. Saura mutum ɗaya a kora a tashi, amma biyu suna kan zango, duka ɗaya mai kyau ya isa ya rushe komai. Wilmer ya yi jifa, sai ya ɗan yarfe hannu ya yamutsa fuska. Filin ya yi tsit. Koci ya fito yana takawa zuwa tudu. Yazan ya gama ɗumama hannu a karo na uku, ya zo ya tsaya a ƙofar shingen, safa a hannun hagu, na dama a kan sakata. Taku ɗaya ya rage tsakanina da aurena.

Ga abin da na ce, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Na ce ya Rabbi gwiwar nan ta tashi, ɗinkin ya warware, yanzu, yanzu. Na maimaita ya fi sau uku, na damƙe bakin tarhata, na manta da wanda ke zaune kusa da ni.

Koci ya yi magana da Wilmer, ya juyo ya kalli shinge. Sai na ji muryar Yazan, shi da ko a waya sai ka kasa kunne. Ya kewaye baki da hannu ya ƙwala wa Wilmer wata magana da yarensu, ban san me ya ce ba, na dai ga tsohon ya yi dariya ya gyara hula. Koci ya dafa kafaɗarsa ya koma shi kaɗai. Jifa uku Wilmer ya ƙara, mai duka ya kaɗa iska, wasa ya tashi.

Yazan ne ya fara isa wurin Wilmer. Ya banke ƙofar ya ratsa filin nan a guje, ya ɗaga mutumin cak ya ɗora a kafaɗa yana juyi da shi, yana dariya har ana ganin haƙoransa daga inda muke. Shi ke nan shigar da ya yi fili a gaban Babana. Kowa yana tsaye yana tafi, ni ina zaune hawaye yana bin kwallina. Na ce halas, ta ƙare, Kawu ya yi gaskiya sau biyu.

Bayan an yi La'asar a ɗan masallacin filin, Yazan ya zo da kayan wasansa, ya cire hula ya durƙusa har ƙasa a gaban Baba, Larabawa suna wucewa suna kallo. Ya ce a yi masa haƙuri, yau bai samu aiki ba. Baba ya ce ya ba shi hannunsa. Ya juya tafin, ya shafa kantar da ke kan yatsunsa biyu da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya juya ya nufi mota. Ni ko kallon Yazan ban iya yi ba.

A hanya cunkoso ya riƙe mu. Sai da muka kusa Bagdadiyya Baba ya ce in samu wuri in tsaya. Na faka a gaban wani shagon labule, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina jiran hukunci.

"Sau uku ya tashi," ya ce. "Jifa hamsin da bakwai na ƙirga, babu wanda ya tafa masa ko ɗaya, kuma na ƙarshen bai fi na farkon sanyi ba. Kawunki bai iya kallo ba. Yaron nan ma'aikaci ne, ba ni da ja a kansa."

Wallahi ji na yi kamar in buɗe ƙofa in yi sujada a kan titi. Na fara godiya, sai ya ɗaga mini hannu.

"Ban gama ba. Na tsufa, Sadiyya, amma kunnena bai mutu ba."

Na sha jinin jikina. Na sunkuyar da kai, na ji zufa tana sauka ta bayan wuyana duk da sanyin motar.

"Mutumin da kike roƙa wa nakasa, shi yaron nan ya ɗauka a kafaɗa. Na je binciken ɗan mutane, na dawo da na 'yata."

Na fashe da kuka. Na ce Baba tsoro ne, ban san na faɗa a fili ba. Ya ce da a ɓoye na faɗa ai Wanda na roƙa ya ji. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce su ma mutanen nan suna da haƙƙin su san abin da za su ɗauka, kuma shi bai taɓa sayar wa mutum riga ya ɓoye masa inda ta ƙone ba.

"Ki faɗa masa da bakinki, yadda kika faɗa, kar ki rage ko kalma. In ya ji ya ce yana nan a kan bakansa, manyansa su zo gobe bayan La'asar, na ba shi. In ba ki faɗa ba, ni zan faɗa a gabansu. Yalla, ja mu tafi."

Ban san yadda na kawo mu gida ba. Umma ta tare ni a ƙofa tana tambaya da ido, na wuce ta na shige ɗaki na murza makulli. Ko abaya ban cire ba na zauna a bakin gado na buɗe waya. Saƙo uku ne daga Yazan. Na farko hoto, shi da Wilmer, an naɗe wa tsohon gwiwar hannu da ƙanƙara, sun haɗa kai suna dariya. Na biyu ya ce an sabunta wa Wilmer shekara guda, kuma tsohon ya rantse ko daga ina yake sai ya zo bikinmu, har ya tambayi irin rigar da ake sawa. Na uku gajere ne.

"Me Baba ya ce? Ko mene ne ki faɗa mini, zan iya ɗauka."

Na rubuta cewa Baba ya yarda, na tsaya ina kallon rubutun. Gaskiya ne, kuma rabi ne. Na goge. Na danna kira, tun kafin ta yi ƙara biyu ya ɗauka, muryarsa cike da dariya, a bayansa ina jin Wilmer yana ƙoƙarin faɗin sunana yana kasawa.

Na ce, "Yazan, fita daga cikin mutane. Akwai abin da na roƙa yau, kuma sai ka ji shi kafin in gaya maka amsar Baba."